Ukulelen da ya yi kyau a ido amma ya ƙi daɗi a kunne

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ba kafinta ba ne, ba kuma makaɗin sana'a ba ne. Ma'aikaci ne da ke taɓa aikin katako a ƙarshen mako don jin daɗinsa. Kafin wannan aiki ya ƙera ƙananan akwatuna da kujera guda, amma bai taɓa ƙera abin kiɗa ba. Yana da ɗabi'ar rubuta duk abin da ya auna a wani ɗan littafi, kuma daga nan alƙaluman da ke cikin wannan bayani suka fito.

Abin da ya sa a gaba shi ne ukulele, ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya huɗu da aka san Hawai da shi. Tushensa yana komawa ga shekarar 1879, lokacin da jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya kai baƙi daga tsibirin Madeira na Fotugal zuwa Honolulu, babban birnin Hawai. A cikinsu akwai masu aikin katako uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda ake jingina musu ƙirar ukulele na farko bisa samfurin ƙananan gitocin ƙasarsu. Yau ana yin sa girma-girma. Mutuminmu ya zaɓi ƙaramin da ake kira sofarano, mai tsawon kusan santimita 53 daga kai zuwa gindi, a tunaninsa ƙaramin abu ya fi sauƙi.

Akwai sassa huɗu da za su yi ta dawowa a wannan bayani. Na farko jaki, wato ɗan katakon da ake mannawa a fuskar ukulele inda ake ɗaure tsirkiyoyi. A cikinsa akwai rami siriri da ake soka wani ɗan ƙashi wanda tsirkiya ke hawa kansa, shi ne ƙashin jaki. A can ƙarshen wuya akwai wani ƙashin mai tsaga huɗu, wanda za mu kira ƙashin sama. Tsakanin ƙasusuwan biyu tsirkiya ke kaɗawa. Sai kuma ƙarafa sirara da aka jera a kan allon yatsu kamar gaɓoɓin kara, waɗanda za mu kira gaɓoɓi. Zanen da ya bi ya ce tsawon tsirkiya milimita 345 ne.

## Mako na 1 zuwa na 11: ƙira

Ya yi amfani da mahogani a fuska da baya da gefe da wuya. Lanƙwasa gefe ne ya fara ba shi wuya. Katako biyu suka tsage a kan bututun ƙarfe mai zafi kafin ya gane cewa kaurinsu ya yi yawa. Da ya kankare su zuwa ƙasa da milimita 2, ya jiƙa su kaɗan, ya daina tilasta musu, sai suka bi. Fuska ya bar ta a milimita 1.8, ya manna mata tokara biyu ta ciki da wani faifan katako siriri a daidai inda jaki zai zauna.

Wajen gaɓoɓi ya fi zuba hankali, domin ya karanta cewa nan ne masu farawa ke faɗuwa. Ƙa'idar ita ce a raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan gaɓa ta farko daga ƙashin sama. Sai a raba abin da ya rage da lambar nan a samu ta biyu, haka har ƙarshe. A tsawon 345, gaɓa ta 1 tana faɗawa a milimita 19.4, ta 5 a 86.5, ta 7 a 114.7, ta 12 kuma a 172.5, wato daidai rabi. Ya auna kowace gaɓa daga ƙashin sama, bai auna daga gaɓa zuwa gaɓa ba, don kada ƙaramin kuskure ya riƙa taruwa. Kwana biyu ya ɗauka yana yankan ramuka 12 da zarto siriri.

Jaki ya manna a mako na 11, bayan ya gama shafa man sheƙi. Ya ɗora rular ƙarfe daga ƙashin sama, ya yi alama a 345, ya daidaita bakin baya na ramin ƙashin jaki da alamar, ya shafa gam, ya matse. Kaurin ƙashin milimita 3 ne, kuma ya goge samansa ya yi tudu a tsakiya. Aikin bai fi awa ɗaya ba.

## Mako na 12 da na 13: matsalar ta fito

Ya ɗaura tsirkiyoyin nailan, ya daidaita su yadda aka saba: G, C, E, A, wato haruffan da ke nuna sautin kowace tsirkiya, kuma da su ake kiran tsirkiyoyin. Kowace idan aka kaɗa ta a sake, manhajar auna sauti da ke wayarsa tana nuna ta zauna daidai. Muryar ukulelen ma ta faranta masa rai, tana da ƙarfi fiye da yadda ya zata.

Da ya fara danna yatsu sai labari ya sha bamban. Haɗin sauti (wato kaɗa tsirkiyoyi tare a lokaci guda) mafi sauƙi, wanda yatsa ɗaya kawai yake buƙata, yana fita da ɗan tsami. Waɗanda ke buƙatar yatsu uku kusa da ƙashin sama sun fi muni. Idan ya hau can sama wajen gaɓa ta 10 ko ta 12, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji wani abu ya karkace.

Ya bar tsirkiyoyin mako biyu, domin sabon nailan yana ta miƙewa kafin ya zauna. Daga nan ya yi awon farko. Masu kiɗa suna kasa tazarar sautin da ke tsakanin gaɓa da mai bi mata kashi 100, kowane kashi ana kiransa sent. Yawancin kunnuwa ba sa kama bambancin da bai kai sent biyar ba. A gaɓa ta 12, inda ya kamata sauti ya ninka na sakakkiyar tsirkiya cif-cif, G ta haura da sent 31, C da 38, E da 34, A da 29. A gaɓa ta 1 dukkansu sun haura da wajen sent 20. Ya kuma auna ratar da ke tsakanin tsirkiya da kan ƙarfen gaɓa: milimita 4.5 a ta 12, milimita 1.5 a ta 1.

## Mako na 14 da na 15: tsirkiya da kunnuwa

Zarginsa na farko ya faɗa kan tsirkiyoyi. Akan samu tsirkiyar da kaurinta bai daidaita ba daga farko zuwa ƙarshe, kuma irin wannan ba ta taɓa ba da sautin gaskiya. Ya sayi wasu na wani kamfani daban, ya ɗaura, ya jira kwana goma. Alƙaluman sun motsa da sent biyu zuwa uku, wasu sama wasu ƙasa.

Sai ya koma kan kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Na farkon irin waɗanda matsi kawai ke riƙe su ne, suna da wuyar tsayarwa a wuri guda. Ya cire su ya sa masu haƙoran ƙarfe. Daidaita sakakkiyar tsirkiya ya yi sauƙi ƙwarai, ta kuma daina zamewa. Awon gaɓa ta 1 da ta 12 bai canza ko da sent ɗaya ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

## Mako na 16: rage tsayin ƙashin jaki

A wannan makon ya lura da wani abu da hannunsa ya daɗe yana faɗa masa: danna tsirkiyoyin yana gajiyar da yatsu. Ya gwada danna C a gaɓa ta 12 a hankali yana kallon manhaja, sai ya ga allurar tana ƙara haurawa gwargwadon ƙarfin da ya sa.

Dalilin a fili yake idan aka tsaya aka duba. Tsirkiya a miƙe take tsakanin ƙasusuwa biyu. Idan aka tura ta ƙasa har ta taɓa ƙarfe, an ƙara mata tafiya, an ja ta, ɗaurinta ya ƙaru, kuma duk tsirkiyar da ɗaurinta ya ƙaru sautinta sama yake yi. Gwargwadon nisan da za ta yi kafin ta taɓa ƙarfe, gwargwadon haurawar. A gajeriyar tsirkiya irin ta sofarano abin ya fi tsanani, domin miƙewa iri ɗaya ta fi yin tasiri a kan ɗan gajeren tsawo.

Gaɓa ta 12 tana tsakiyar tsirkiya, saboda haka duk milimita biyu da aka cire daga ƙashin jaki milimita ɗaya ce ke raguwa a can. Ya zare ƙashin, ya ja layi da fensir, ya goge gindinsa a kan samfefa da ya manna a gilashi don gindin ya fita a miƙe. Ya cire milimita 3. Rata ta sauko daga 4.5 zuwa 3. Da ya sake awo, C ta dawo sent 30, A ta dawo 22. Karo na farko ke nan da wani abu ya motsa sosai. Haɗe-haɗen sauti na kusa da ƙashin sama kuwa suna nan da tsaminsu.

## Mako na 17: ƙashin sama

Akwai gwaji mai sauƙi da masu gyara ke yi. A danna tsirkiya a bayan gaɓa ta 2, wato a gurbin ta 3, sannan a leƙa ratar da ta rage a kan gaɓa ta 1. Ya kamata ta zama ƴar kaɗan, abin da takarda za ta iya shiga da ƙyar. Tasa ratar katin kwali ma yana wucewa ba tare da ya taɓa komai ba.

Ya ɗauki ƙaramin magagari ya fara zurfafa tsagogin, yana karkatar da shi zuwa wajen kunnuwa don tsirkiya ta tashi daga bakin gaba na ƙashin. Uku sun tafi lafiya. A ta huɗu, tsagar A, ya yi goga biyu fiye da kima, sakakkiyar tsirkiya ta fara zuza a kan gaɓa ta 1. Ana iya cike irin wannan da garin ƙashi da gam mai kamawa nan take, amma shi ya zaɓi ya sassaƙa sabon ƙashi, abin da ya cinye masa sauran ƙarshen makon. A karo na biyu yana goga ɗaya, ya mayar da tsirkiya, ya duba, sannan ya ƙara.

Rata a gaɓa ta 1 ta tsaya a milimita 0.6, ta gaɓa ta 12 kuma ta sauko zuwa wajen 2.5. Kuskuren gaɓa ta 1 ya faɗo daga sent 20 zuwa 5, haɗe-haɗen sauti na farkon wuya suka gyaru. A gaɓa ta 12 awo ya nuna G 19, C 24, E 21, A 18. Ba sauran inda za a rage tsayi ba tare da zuza ba, ga shi kuma har yanzu ukulelen na ƙara karkacewa gwargwadon hawan hannu.

## Mako na 18: zargin gaɓoɓi, da awon da ya wanke su

Abin da ya rage a ransa shi ne gaɓoɓi. Ya rubuta a littafinsa cewa zai ɓamɓare allon yatsu ya yanka sabo, har ya ware katakon. Kafin ya sa zafi ya ce bari ya ga wace gaɓa ce ta fi kaucewa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ma'auni. Babu wadda ta kauce da fiye da milimita 0.3. Ta 12 tana 172.5 daidai.

Tunda rular na hannunsa, sai ya juya ta ya auna ɗaya rabin, daga gaɓa ta 12 zuwa tudun ƙashin jaki inda tsirkiya ke taɓawa. Ya samu 171.

Abu biyu ne suka haɗu a nan. Na farko, ya daidaita alamar 345 da bayan ƙashin, alhali tsirkiya tana tashi ne daga tudun tsakiya, saboda haka ainihin tsawonta 343.5 ne. Na biyu, ko da ya sa tudun a 345 cif, da bai wadatar ba. Lambar da ke kan zane ta lissafin gaɓoɓi ce, an gina ta a kan tsirkiyar da ba ta miƙewa idan an danna ta. Tsirkiyar gaske tana miƙewa, tana kuma da tauri, ta yadda ɗan abin da ke daf da ƙashi ba ya kaɗawa sosai, sai ta zama kamar ta fi tsawonta gajarta. Shi ya sa maƙera ke ja da ƙashin jaki baya da ƴan milimita don a biya wannan bashi. A sofarano abin yakan kama milimita biyu zuwa uku da ɗoriya.

Tsofaffin maƙera, a nan, sun samu wani sauƙi. Ƙa'idar da Vincenzo Galilei, mahaifin masanin taurari Galileo, ya bayyana a 1581 tana raba tsawo da 18 ne maimakon 17.817. Da ita gaɓa ta 12 ba ta kai rabi, sautinta yana ɗan sauka da kusan sent 12, miƙewar tsirkiya kuma tana mayar da shi sama. Lambar zamani ta fi daidai a lissafi, amma ta bar wa maƙeri nauyin ƙara ragowar da kansa a wajen jaki.

Lissafi ya nuna masa cewa a wannan tsawo, kowace milimita ɗaya da aka ja ƙashi baya tana sauke gaɓa ta 12 da kusan sent 5. Bai yarda da takarda kawai ba. Ya goge saman ƙashin ya mayar da tudun can baya, abin da ya ƙara milimita 1.2. C ta sauko daga 24 zuwa 18, A daga 18 zuwa 12. Lissafi da awo sun yi daidai, amma kaurin ƙashin ya ƙare.

## Mako na 19 zuwa na 21: cire jaki

Hanya biyu ke gabansa. Ko ya cike ramin ƙashin da katako ya yanka sabo a baya, ko ya cire jakin gaba ɗaya. Ta farko ta fi aminci, sai dai jakinsa siriri ne, sabon ramin zai ci wurin ɗaure tsirkiya. Ya yi mako guda yana jinkiri, yana tsoron kada garin neman gira a rasa ido, domin fuskar da ba ta kai milimita 2 ba ba ta jure ganganci.

Kafin komai ya zura ƙaramin madubi ta ramin sauti ya tabbatar faifan da ke ciki yana da faɗin da zai ɗauki jaki idan ya ja baya. Ya rufe fuska da kwali, ya bar jakin kawai a buɗe, ya ɗora masa ƙarfe mai zafi na ƴan mintuna har gam ya yi laushi. Sannan ya riƙa cusa wuƙa siririya marar kaifi a ƙarƙashi. Ta ɓangare ɗaya ta shiga sumul. Ta ɗaya ɓangaren ta bi jijiyar katako ta nutse, ta ɗago wata ɓarya mai tsawon kusan milimita 12 daga fuskar. Ya tsaya nan take, ya koma ta ɓangaren da ke tafiya lafiya ya ƙarasa, sannan ya manna ɓaryar a mazauninta ya bar ta kwana ɗaya.

Sabon jaki ya yi shi da ƙarin faɗin milimita 5 don ya rufe tabon tsohon. Ya kankare man sheƙi daga sabon wurin da jakin zai hau, domin gam ba ya kama mai. A wannan karon ya auna daga gaɓa ta 12 da kuma daga ƙashin sama, ta gefen G da ta gefen A, ya kafa bakin gaba na ramin a 346.5 da bakin baya a 349.5. Ramin ya ja baya da milimita 4.5 ke nan. Ya kewaye wurin da tef don kada jakin ya zame idan an matse, ya gwada matsewa sau biyu ba gam, sannan ya manna. Ya jira kwana biyu kafin ya ɗaura tsirkiya.

Sassaƙa tudun ƙashin ya bi tsarin ukulele, wanda ya bambanta da na gita. A gita tsirkiyoyi suna tafiya daga siririya zuwa mai kauri a jere, don haka karkataccen ƙashi ɗaya yana wadatarwa. A ukulele G ta sama tana da sauti mai tsayi, kusa da na A, kuma siririya ce. Masu kaurin, C da E, suna tsakiya. Ya sa tudun A a wajen 347.1, na G a 347.3, na E a 347.7, na C kuma a 348.3.

## Mako na 23: sakamako

Bayan tsirkiyoyin sun zauna ya yi awon ƙarshe. A gaɓa ta 12 babu wadda ta kauce da fiye da sent 4. A gaɓa ta 1 kuskuren yana tsakanin 3 da 5. C a gaɓa ta 7 ta haura da 5, ya bar ta haka. Rata ta tsaya a milimita 2.5, babu zuza. Ɓaryar da ta ɗago tana ƙarƙashin sabon jaki, ba a ganinta. Gyaran ya ɗauki mako 12, ƙirar kanta mako 11.

## Hukunci

Kurakurai uku ne suka hau kan juna: ƙashin sama mai tsayi, ƙashin jaki mai tsayi, da jakin da aka manna a gaba da wurinsa. Duka ukun sama suke tura sauti, shi ya sa suka yi kama da ciwo ɗaya. Amma kowane yana da inda yake nuna kansa. Na ƙashin sama ya fi fitowa a gaɓoɓin farko ya ragu idan an hau. Na jaki yana ƙaruwa ne gwargwadon hawa. Awonsa na mako na 13, sent 20 a gaɓa ta 1, sent 29 zuwa 38 a ta 12, ya riga ya nuna cewa matsalar ta fi ɗaya.

Canza tsirkiya ba na ganin laifinsa, gwaji ne mai sauƙi da ke kawar da zargi na gaske. Canza kunnuwa kuwa ɓata lokaci ne a wannan matsala, domin aikin kunne ya ƙare da zarar sakakkiyar tsirkiya ta zauna daidai, kuma tasa ta zauna tun ranar farko. Abin da ya fi damuna shi ne allon yatsun da ya kusa ɓamɓarewa. Shi ne sashen da ya fi kowane inganci a duk aikin, kuma awon da ya cece shi bai ɗauki minti biyar ba. Da an yi shi a mako na 13, da an san inda aka dosa tun da wuri.

Duk da haka, jerin da ya faɗa ciki daga mako na 16 shi ne daidai. Dole a gama da tsayin ƙasusuwan biyu kafin a yanke wurin jaki, domin yawan abin da za a ja baya ya dogara da yawan miƙewar tsirkiya. Da ya cire jakin lokacin da C ke nuna sent 38, da lissafi ya kai shi kusan milimita 3 fiye da inda ya kamata, sautin ya koma yin ƙasa. Gwajin milimita 1.2 da ya yi kafin ya taɓa gam shi ne aiki mafi kyau a duk gyaran.

Abu ɗaya bai rufu ba. Tuddan da ya sassaƙa sun dace ne da waɗannan tsirkiyoyi da wannan rata. Idan ya koma wasu masu kauri ko tauri daban, ko ya sa G mai sautin da ya fi yin ƙasa wadda ta fi kauri, alƙaluman za su motsa, musamman a C da G. Saboda haka bai manna ƙashin da gam ba, ya rubuta irin tsirkiyar a littafinsa, ya kuma ajiye wani ƙashi mai kaurin milimita 3 da bai sassaƙa ba.